Aji ɗaya, sahu uku

Shekarun da na yi ina karatu a Landan, ɗaki na kama a wata unguwa ta arewacin birnin inda Yahudawa suke da yawa. Wata Juma'a da dare, wajen ƙarfe goma, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyata ce, uwar 'ya'ya biyar, wadda ban taɓa ganin kanta a buɗe ba. Muka gaisa, ta tsaya tana murza hannu, sannan ta ce fitilar ɗakin yara ta cika haske, autanta ya kasa barci. Na ce Allah sarki. Ta ce ai hasken ya yi yawa ƙwarai. Na sake jajanta mata. Sai da ta maimaita karo na uku kafin kaina ya kawo wuta. Asabar ɗinsu ta shiga tun faɗuwar rana, taɓa makunnin lantarki aiki ne a fiƙihunsu, aiki kuwa haramun ne a wannan rana, kuma ba a yarda ta buɗe baki ta umarci wanda ba Bayahude ba ya yi mata abin da aka hana ta ba. Hannunka-mai-sanda kawai ya rage mata. Na bi ta na kashe fitilar, aka sallame ni da yankan burodin nan nasu mai kama da kitso.

Da gari ya waye ina tsaye a taga, sai ga maigidan da ke tsallaken titi yana loda 'ya'yansa a mota za su tafi ƙwallo. A jikin ƙofarsa akwai ɗan kwanson nan da Yahudawa suke maƙalawa, mai ɗauke da ayoyin Attaura, irin na ƙofar maƙwabciyata sak. Daga baya na tambaye ta, ashe mutanen can su ma naku ne? Ta ɗan yi shiru, ta ce, “Yahudawa ne, amma ba hanyarmu ɗaya ba.” Babban ɗanta da babban ɗan wancan gidan sa'o'in juna ne, dukansu ba su wuce shekara goma sha biyar ba. Na kusa shekara biyu a layin, ban taɓa ganin sun tsaya sun yi hira ba. Makarantarsu daban, wurin ibadarsu daban, hatta sansanin da ake kai su lokacin dogon hutu daban.

Na san akwai mai karatun da tun daga kalmar Yahudawa ransa ya ɓaci, yana cewa ana zubar da jinin Falasɗinawa a Gaza, wannan kuma ya zo yana ba mu labarin makarantunsu. Abin da ke ci masa rai ni ma yana ci mini. Amma yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ke zaune a aji a Boston ba ita ce gwamnatin Isra'ila ba, kuma tambayar da nake son dubawa ta shafi duk al'ummar da take da addini, take da ɓangarori, take da 'ya'ya. Shin ya dace a haɗa matasan ɓangarori masu saɓani a aji ɗaya su karanci addininsu tare, ko kuwa kowa ya killace nasa a gida har sai ƙashinsa ya yi ƙwari? Wasu daga cikin Yahudawan Amurka da Ingila sun shafe shekaru suna gwada haɗawar. Ni dai ina ganin sun yi daidai, bisa wani sharaɗi da zan zo kansa.

Mu da muke hange daga nesa mukan ɗauka Yahudawa tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Su kansu dariya abin yake ba su, don suna da barkwancin da ke cewa inda Yahudawa biyu suka zauna, ra'ayi uku za ka tarar. Rabuwar da ake gani a yau ta faro ne a Jamus a farkon ƙarni na 19, lokacin da wasu suka ce a sassauta dokoki, a riƙa yin addu'a da wa'azi da harshen gari, a shigo da kayan kiɗa wurin ibada. Su ne Rifom, masu gyara. Waɗanda suka tsaya a kan cewa dokar da aka saukar wa Annabi Musa, tare da bayanin da malamai suka yi mata, ba ta tsufa, su ne Otodoks. A Amurka kuwa a kan faranti abin ya fashe. A watan Yulin 1883 kwalejin horar da malamai ta Hebrew Union College da ke Cincinnati ta yaye ɗalibanta na farko, aka shirya walima, aka gayyato malamai masu ra'ayi daban-daban. Da aka fara jera abinci sai ga kaguwa, ga jatan lande, ga cinyoyin kwaɗi. A dokar abincinsu, wadda suke kira kosha, duk abin ruwan da ba shi da ɓawo da fiffike irin na kifi haram ne. Har gobe ana ba da labarin yadda wasu baƙin suka kakkaɓe riga suka bar wurin. A 1885 malaman Rifom suka taru a Pittsburgh suka bayyana cewa dokokin abinci da na tufafi ba su zama wajibi a kansu ba. A 1886 waɗanda abin ya yi wa yawa suka kafa tasu makarantar a New York, wadda daga baya ta zama cibiyar ɓangare na uku, Konsabatif, 'yan tsaka-tsaki.

Daga nan kowa ya ja zarensa. Rifom suka naɗa mace ta farko a matsayin malamar addini a Amurka, Sally Priesand, a 1972. Konsabatif suka bi sahu a 1985. Akasarin Otodoks har yau ba su yarda ba. Ƙungiyoyin matasa ma kowa da tasa: NFTY ta Rifom tun 1939, USY ta Konsabatif tun 1951, NCSY ta Otodoks tun 1954. Amma babbar maganar ita ce ta 1983. Tun da daɗewa dokarsu ta ce Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin ta hanyar da malamai suka shimfiɗa. A wannan shekara Rifom na Amurka suka ce ɗan da ubansa ne kaɗai Bayahude, shi ma Bayahude ne muddin an rene shi a cikin addinin. Otodoks da Konsabatif ba su karɓa ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin ita ce ƙadangaren bakin tulu a duk wata makarantar haɗaka.

Cibiyar bincike ta Pew ta auna Yahudawan Amurka a 2020, ta ƙiyasta su kusan miliyan 7.5 har da yara. A cikin manyansu, kashi 37 cikin ɗari Rifom ne, kashi 17 Konsabatif, kashi 9 Otodoks, kashi 32 kuma ba su jingina kansu da kowane ɓangare ba. Alƙaluman 'yan ƙasa da shekara 30 su suka fi ɗaukar hankalina: Otodoks sun hau zuwa kashi 17, marasa ɓangare sun kai kashi 41, Konsabatif sun sauka zuwa kashi 8. Tsakiya tana zaizayewa ke nan, gefe da gefe suna kumbura. A binciken dai, kusan rabin Otodoks sun ce abin da ya haɗa su da Rifom kaɗan ne ko ma babu shi, kuma wajen shida cikin goma na Rifom sun mayar musu da irin wannan amsa. Titin da ya raba yaran maƙwabtana ya ratsa ƙasa guda.

Kada wani ya ɗauka zallar ƙaunar juna ce ta sa aka fara haɗa matasa. Yaro Bayahude idan ya cika shekara 13 ana yi masa biki, ya fito gaban jama'a ya karanta wani sashe na Attaura da Ibrananci, daga ranar ya zama baligi a addini. Yarinya kuma a shekara 12 ko 13. A gidajen da ba na Otodoks ba, da yawa daga ranar suke ajiye karatu, kamar dai yadda yaro a wurinmu yake yin saukar Alƙur'ani, a yanka rago, a ɗauki hoto, shi ke nan an rabu da makaranta. To ka ɗauki garin da yake da majami'u uku, kowace da matasa biyar ko shida da suka yarda su ci gaba da karatun yamma. Ba wadda za ta iya riƙe malami nagari ita kaɗai, kuma babu matashin da zai so zama aji da mutum huɗu, biyu daga ciki ƙannensa ne. Aljihu da ƙarancin yara su suka fara tura iyaye su zauna a teburi ɗaya. Ban ga aibu a nan ba. Dole ce take sa kwanan ƙauye, kuma sau da yawa abin da dole ta haifa yakan fi abin da aka zauna aka tsara ƙarko.

Daga baya abin ya zama aƙida a karan kansa. A yankin Boston akwai Prozdor, makarantar yamma ta matasa ƙarƙashin Hebrew College, wadda ta kusa shekara ɗari ko ma ta haura. A 1997 aka buɗe sakandaren da yanzu ake kira Gann Academy a Waltham, musamman don ta karɓi 'ya'yan kowane ɓangare. Tun 1987 attajirin nan Edgar Bronfman ya kafa wani shiri da yake zaɓo matasa 26 duk shekara daga Amurka da Kanada, da gangan ake gauraya su, mai tsauri da mai sassauci da wanda bai ma yarda da Allah ba, su yi makonni suna karatu tare.

Yadda safiya take a irin waɗannan makarantu shi ya ba ni kan wannan rubutu. Sallar jam'i a wurinsu ba ta tsayuwa sai da mutum goma. A ɗaki na farko akwai shamaki a tsakiya, maza a gefe, mata a gefe, kuma maza kaɗai ake ƙirgawa cikin goman. A ɗaki na biyu maza da mata a cakuɗe suke, yarinya tana iya jan addu'a, kuma ana ƙirga ta. A ɗaki na uku ma ba lallai a yi sallar da aka sani ba, ana iya zama a da'ira a rera waƙar yabo ko a tattauna wata aya. Ƙararrawa na bugawa, duk su fito su shiga aji ɗaya, su buɗe shafi ɗaya. Ɗakin girki kuwa a kan dokar mafi tsauri ake tafiyar da shi, tukwanen nama daban, na madara daban, don kowa ya iya ci. Idan aka tafi kwanan Asabar tare, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a zauren taro babu waya babu kunna wuta, abin da ka yi a ɗakin kwananka kuma tsakaninka da Ubangijinka.

Tsarin karatunsu na gargajiya ma ya ba da hannu. Biyu-biyu ake haɗa ɗalibai, abin da suke kira habruta, wato abota. Su karanta layi da ƙarfi, wannan ya faɗi fahimtarsa, wancan ya nemi inda zai rushe ta, ɗakin karatu ya kaure da hayaniya kamar kasuwa. Shafin Talmud, babban littafin fiƙihunsu, duk wanda ya taɓa riƙe littattafanmu masu hashiya zai gane shi: matani a tsakiya, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sharhin jikokinsa da almajiransu, waɗanda sau da yawa gardama suke yi da shi. Yaron da ya tashi da irin wannan shafi ya riga ya san cewa saɓani ba baƙo ba ne a gidan ilimi.

Masu adawa da haɗakar ba wawaye ba ne, kuma ba na son in yi musu riƙon sakainar kashi. A 1956 manyan malaman Otodoks goma sha ɗaya a Amurka, ciki har da Moshe Feinstein da Aharon Kotler, suka fitar da fatawar hana malamansu zama majalisa ɗaya da malaman Rifom da Konsabatif. Hujjarsu a fili take: in ka zauna da mutum a kujerar malanta, ka shaida wa jama'a cewa shi ma malami ne, abin da yake koyarwa kuma ɗaya ne daga cikin fuskokin addini. Wannan ra'ayi bai mutu ba. A Ingila akwai taron karatu na shekara-shekara mai suna Limmud da aka fara a 1980, inda kowa yake koyarwa kowa yake saurare. Sai a 2013 wani Babban Malamin Yahudawan Birtaniya, Ephraim Mirvis, ya halarta yana kan kujera, kuma a lokacin ma wasu malamai masu tsauri sun fito sun gargaɗi jama'a kada su je. In manya masu gemu suna ɗari-ɗari da juna haka, ina ga a ce uba ya miƙa ɗansa ɗan shekara goma sha huɗu?

Hujjar uban ta fi ta malaman nauyi a wurina. Cewa yake yi icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron bai gama sanin hanyar gidansu ba za a jera masa hanyoyi huɗu a ce ya zaɓa. Kuma ya san sauƙi yana da jan hankali. Yaron da aka hana waya tsawon awa ashirin da biyar duk mako, ya zauna kusa da abokin da yake kallon ƙwallo ran Asabar kuma yana kiran kansa Bayahude kamarsa, wa zai ja wani?

Amsata ita ce katangar da uban yake son ginawa ta riga ta faɗi. Wayar da ke aljihun yaron ta nuna masa hanyoyin da suka fi huɗu, ba malami a kusa. Shekara uku ko huɗu masu zuwa zai shiga jami'a ko kasuwa, ya tarar da su duka. Zaɓin da ya rage shi ne ya fara haɗuwa da mai saɓa masa a aji, da littafi a buɗe da babba a ɗakin, ko ya haɗu da shi a matsayin dodon da aka daɗe ana ba shi labari. Sannan akwai abin da masu killacewa ba su cika lissafawa ba. Yaron da ya tashi a gidan da ake jira awa shida bayan cin nama kafin a sha madara, a cikin 'yan'uwansa babu wanda zai taɓa tambayarsa dalili, don kowa haka yake yi. Ranar da yarinyar da ke kusa da shi a aji ta ce masa, me ya sa shida, ba uku ba, ba ɗaya ba, tunda akwai Yahudawan da suke jiran uku, akwai na Holan da suke jiran ɗaya, ranar ce zai koma gida ya buɗe littafi. Wani zai saki, ban musa ba. Amma wanda ya riƙe bayan an tambaye shi, riƙonsa ya fi na wanda ba a taɓa tambaya ba.

Yanzu ga sharaɗin. Haɗakar tana da amfani ne kawai idan ba a yi wa yaran ƙarya ba. Akwai wata irin haɗaka ta shafa-mu-lera, inda malami zai tsaya yana murmushi yana cewa ai duk ɗaya muke, kowa da gaskiyarsa, a tafa a tashi. Matasa sun fi kowa saurin shinshino irin wannan. Ka dawo ɗaki na farko da safe. Maza tara ne a ciki, ana jiran na goma. Ga wani yaro a bakin ƙofa, ya fi su duka iya Ibrananci, bai taɓa fashin majami'arsu ta Rifom ba, amma uwarsa ba Bayahudiya ba ce. A ɗaki na biyu ma wasu za su yi jim, a ɗaki na farko kuwa ba za a ƙirga shi ba. Abokinsa na habruta yana cikin taran, jiya tare suka ci abinci. Babu murmushin da zai goge wannan. Makarantar da ta cancanci sunanta ita ce wadda za ta zaunar da su biyun, wannan ya faɗi dalilin da ya sa ba zai iya ƙirga abokinsa ba ba tare da an kira shi mai ƙabilanci ba, wancan ya faɗi yadda abin ya yi masa ciwo ba tare da an ce masa ya yi haƙuri kawai ba, gobe kuma su dawo su buɗe shafi na gaba.

Wannan ba tatsuniya ba ce, har kotu ta kai. Makarantar JFS da ke Landan, wadda tarihinta ya koma 1732, a da tana bin hukuncin ofishin Babban Malami na Otodoks wajen tantance wane ne Bayahude. Ta ƙi ba wani yaro gurbi saboda uwarsa ta shiga addinin ne ta hannun malaman da ba Otodoks ba. Uban ya kai ƙara. A ranar 16 ga Disamba 2009 Kotun Ƙolin Birtaniya, da rinjayen alƙalai biyar cikin tara, ta ce tantance yaro ta asalin uwarsa wariyar ƙabila ce a dokar ƙasar, ko da kuwa makarantar ba da mugun nufi ta yi ba. Daga nan makarantun suka koma auna zuwa majami'a da shiga hidimar jama'a maimakon asali. A shekarar da ta biyo baya, 2010, aka buɗe JCoSS a Barnet da ke Landan, sakandaren Yahudawa ta farko a Birtaniya da ba ta ƙarƙashin wani ɓangare guda, wadda dama an daɗe ana shirinta tun kafin shari'ar. Hukuncin kotu ya buɗe ƙofar makaranta, amma bai canza fatawar malaman Otodoks a kan yaron ba.

Masu goyon bayan haɗaka suna yawan kafa hujja da wani labari na Talmud. Shekara uku almajiran Hillel da almajiran Shammai, manyan malamansu biyu na zamanin da, suna jayayya, kowa yana cewa hukunci namu ne, sai aka ji murya daga sama tana cewa maganar waɗannan da ta waɗancan duk maganar Allah Rayayye ce. A nan mutane da yawa suke tsayawa, don daidai nan ne ya yi musu daɗi. Amma muryar ta ci gaba, ta ce hukunci na almajiran Hillel ne. Dalilin da aka bayar shi ne suna da sauƙin kai, suna karantar da maganarsu da ta abokan jayayyarsu, har sukan fara kawo ta Shammai kafin tasu. An yanke hukunci, an kuma ajiye maganar wanda aka kayar a cikin littafi. A wani wurin an ce duk da saɓaninsu a kan dokokin aure, gidajen biyu ba su daina auratayya ba, kuma bayanin da aka kawo shi ne sukan sanar da juna idan akwai wadda a hukuncin ɗaya gidan ba ta halatta ba. Ba su ɓoye saɓanin don a zauna lafiya ba, faɗa wa juna gaskiya ne ya sa zaman ya yiwu. Ɗan Otodoks zai ce labarin bai shafi Rifom ba, domin Hillel da Shammai dukansu a cikin doka suke jayayya. Wannan ma magana ce da ya kamata a faɗe ta a ajin, a gaban 'ya'yan Rifom, su ba da amsa.

Ma'aunin da nake auna irin wannan makaranta da shi ke nan: shin ɗalibi zai iya tashi ya faɗi ra'ayin wanda yake saɓa wa, har mai ra'ayin ya gyaɗa kai ya ce haka nake nufi?

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Masu tsananin tsauri, waɗanda ake kira Haredi, ba sa zuwa, kuma su ne suka fi kowa haihuwa. Otodoks ɗin da ake gani a irin waɗannan azuzuwa akasari daga gefen masu ɗan sassauci suke. Maƙwabciyata ba za ta kai ɗanta ba ko da kyauta ne. A cikin waɗanda suka zo ma kowa yana jin shi ne ya fi sadaukarwa: ɗan Rifom yana ganin kullum shi ake ce wa ya ajiye waya ya ci abin da wani ya yarda da shi, ɗan Otodoks yana ganin zamansa a ɗakin kaɗai ya fi duk wannan tsada. A Isra'ila, inda makarantun masu addini daban, na marasa addini daban, na Haredi daban, na Larabawa daban, har shugaban ƙasa na lokacin Reuven Rivlin ya kira su ƙabilu huɗu a wani jawabi a 2015, makarantun haɗaka irin su Keshet da ke Birnin Ƙudus 'yan tsiraru ne, duk da ƙaimin da aka samu bayan wani ɗalibi mai riƙon addini ya harbe Firayim Minista Yitzhak Rabin a Nuwamban 1995.

Abin da ya dawo mini da duk wannan ba a Landan ya faru ba, a zauren gidanmu ne. A layinmu Islamiyya biyu ce, ɗaya ta 'yan Izala, ɗaya ta 'yan ɗariƙa, tsakaninsu bai fi tafiyar minti uku ba. Yaran suna haɗuwa a filin ƙwallo da layin famfo, amma ban taɓa jin an zaunar da su a kan littafi ɗaya ba, in ka cire musabaƙar Alƙur'ani, ita ma kowa karatunsa yake yi ya sauka. Alhali mu ne muke ruwaito cewa halifa ya nemi ya tilasta wa duniyar Musulmi bin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya hana, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da abin da ya iso masa.

Ɗan ƙanena, ɗan shekara goma sha biyar, shi ne da yake tsokanar mahaifinmu yana cewa zai ƙwace masa mata. Kwanaki na lura wasan ya ɗauke. Idan Alhaji zai ja sallar Magariba a zaure, sai yaron ya sulale ya tafi masallacin bakin titi. Na tare shi na tambaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baffa, Alhaji sakin hannu yake yi, kuma an ce mana babu hujja.” Ni kaina kama hannu nake yi, ya sani. Na ce masa ban ce ka canza ba, amma ka taɓa tambayarsa hujjarsa? Ya ce ai ya san abin da za su ce, ya fara laluben waya zai kunna mini wani wa'azi. Na ce mayar da ita aljihu. Ba raddin nake nema ba. Ka je wurin kakanka ka tambaye shi, ka dawo ka faɗa mini yadda in yana bayan ƙofa yana ji zai ce haka ne.

Ya yi kwana tara yana kewaye-kewaye. Ran na goma ya same ni bayan Isha, ya ce ya je, Alhaji ya riƙe shi fiye da awa guda, ya sa shi ya sauko da wani littafi mai jar fata daga saman kabad, ya nuna masa inda Mudawwana ta kawo maganar Malik a kan sakin hannu a farilla, sannan da kansa ya buɗe Muwaɗɗa ya nuna masa hadisin kama hannun. Ya ce shi dai bai gamsu ba. Na ce ban aike ka ka gamsu ba, maimaita mini abin da ya ce. Ya fara tiryan-tiryan, ya zo kan maganar aikin mutanen Madina ya kakare. Ya sosa ƙeya, ya leƙa zaure ya ga fitila tana kunne, ya ce bari ya koma ya sake tambaya.